Kafin Ki Sa Almakashi a Leshin Mutanen Nan

Trikania, Kaduna.

Zuwa ga 'yata Murna,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan mota ta sauke ki Mararaba lafiya, ke da keken ɗinkinki da akwatunan nan da kika cika kamar mai barin ƙasa. Allah ya tsare shigarki da fitarki, ya haɗa ki da maƙwabta na kirki da mai gidan haya mai haƙuri. Na cusa takardar nan a aljihun keke, wurin allurai, don na san nan za ki fara buɗewa. Babanki yana gaishe ki. Ya ce kada in tsawaita, na ce masa to.

Ki miƙa min gaisuwa ta musamman ga iyayen gidanki, wato manhajojin nan na kwalliya da ɗinki da ke cikin wayarki. Ban taɓa ganin bayin Allah masu kirki irinsu ba. Ba sa neman kuɗin abinci, ba sa tafiya makoki ƙauye, ba sa cewa kansu na ciwo ranar da aiki ya yi yawa. Wata ta kawo miki stayil daga ƙasashen da ko sunansu ban iya faɗa ba. Wata ta shafa wa mace hoda da jan baki ba tare da an taɓa fuskarta ba. Wata ta sa wa mutum riga a jiki tun yadin yana kanti. Ga kuma babbar yayarsu da kika fi ji da ita, mai kallon hoton mace sau ɗaya ta faɗi ƙirjinta da ƙugunta da tsawon hannunta. Wai duk wannan kyauta. Ni da na tsufa a bakin kasuwa, abin da na san ana bayarwa kyauta shi ne gyara, kuma mai tumatir ba don tana ƙaunar babanki take ƙara miki ba, so take gobe ki wuce kowa ki tsaya gabanta. Amma wa ya sani, wataƙila waɗanda suka ƙera manhajojin nan tsarkaka ne. Datar da suke sha kuwa, sai mu ɗauka baikon majami'a muke sakawa.

To, ba don in raba ki da su na zauna rubutu ba. Maganar leshin bikin nan ce ta zaunar da ni.

Ki bar ni in yi alfahari tukuna, don na cancanta. Ko allo ba ki rataye a ƙofar shago ba, an riga an danƙa miki ankon matan gidan ango gaba ɗaya. Ni sai da na fara furfurar farko kafin wani gida ya yarda ya ba ni ankonsa. Ke hotunan ɗinkinki kawai suka gani a waya suka ce ke suke so. Na faɗa wa matan zumuntar majami'armu, na faɗa wa mai kifi, na faɗa wa mai keken da ya ɗauke ni jiya, wanda bai ma tambaye ni ba.

Amma ga inda zuciyata ta ƙi kwanciya. Matan nan a warwatse suke, wata a Nyanya, wata a Keffi, wata a Kubwa. Kin ce kowace ta turo hotonta a tsaye, manhaja ta fitar da awo, kuma kina sauka za ki hau yanka. Leshin kuwa ke kika faɗa min da bakinki cewa daidai kai aka saye shi, kuma ya ƙare a kasuwa. Abin da almakashi ya ci ba ya dawowa, kin sani. A garin da ba wanda ya san ki, ɗinkin farko shi ne sunanki. In ya yi kyau, matan nan za su ɗauke ki a baki su kai ki gidajen da ƙafarki ba za ta kai ba. In ya ɓaci, su ɗin dai za su kai ki, sai dai ba yadda kike so ba. Saboda haka ki ajiye almakashin, ki zauna a kan akwati, ki ji ta bakin uwarki.

Kin san a Tudun Wada na koyi ɗinki, wurin Hajiya Balaraba, Allah ya ji ƙanta. Na zo daga ƙauye da Hausa rabi da rabi da baki wanda ba ya ajiye komai. Wata rana wata amarya, Zulai, ta shigo da uwar mijinta za a yi mata ɗinki. Ni na ɗinka kayan aurenta 'yan watanni kafin nan, awonta yana kaina. Na zagaya tef a cikinta, sai na ga ya tsallake inda na san shi. Maimakon in haɗiye, sai na washe baki.

Na ce, “Amarya, barka. Wannan dai ba tuwo ba ne.”

Yarinyar ta ja gyale ta rufe fuska. Uwar mijin ta ɗaga kai tana kallon silin kamar an rubuta mata saƙo a can. Suka bar atamfar suka fita, daga baya aka aiko aka karɓe ta ba a ɗinka ba.

Hajiya ta bari sai da shago ya yi shiru, ta ce, “Ladi, a ƙauyenku haka ake yi? A ga cikin fari a yi shela?”

Na ce, “A'a Hajiya, mu ma ba a faɗa.”

Ta ce, “To don me sai a shagona bakinki ya buɗe? Kin ɗauka tsohuwar ba ta sani ba? Ta riga ki sani. Ba salla ba, ba biki ba, me kike tsammani ya sa ta kawo yarinya ɗinki? Aikinki ki bar mata yadi a ciki, inda za a saki in lokaci ya yi, ki kama bakinki.”

Daga ranar na koyi abin da muke kira alawans, ɗan rarar yadin nan da ake naɗewa a cikin ɗinki. Ke kin ɗauke shi ƙa'idar yanka ce kawai. A'a, mutunci ne ake ɓoye wa mace a cikin rigarta. Manhajarki tana ba ki awon mace na ranar da aka ɗauki hoto, daidai cif, kamar mace katako ce. Kuma na ga halinta: tana rubuta lambar ƙugu ɓaro-ɓaro a fuskar waya, kowa na tsaye yana karantawa. Bakinta irin nawa ne na lokacin ƙuruciya. Idan za ki yi aiki da ita a gaban mutane, ki juya wayar ta kalle ki ke kaɗai. A cikin matan gidan angon nan kuma akwai sababbin aure. Tsakanin hoto da ranar biki, Allah yana aikinsa. Ki bar musu wuri, kada ki tambaya.

Na biyu. Kada ki ɗauka mu ba mu yi zamanin manhaja ba. Tamu kalanda ce, irin mai hotunan mata jere-jere da ake mannawa a bangon shago. Kwastoma ta zo ta ɗora yatsa ta ce wannan. Ni kuma a lokacin ina ji da hannuna, duk abin da aka nuna sai na fitar da shi kamar an tsaga kara.

Wata malamar firamare daga Kamazou, Rahila, za ta je gaida iyayen saurayinta karon farko. Ta nuna wani siket matsattse har ƙasa, wanda matar kalandar ta tsaya a ciki kamar kwalba. Na ɗinka shi, ya zauna mata ɗas. Ta juya gaban madubi, muka tafa. Bayan ta dawo daga tafiyar ta shigo shago ta zauna ba ko sallama.

Na ce, “Malama, yaya siket?”

Ta ce, “Siket ya yi kyau, Madam Ladi. Kowa ya yaba.”

“To mene ne na ɓata rai?”

“Ban durƙusa ba.”

Ashe da aka shigar da ita gaban tsofaffi, ta nemi kai gwiwa ƙasa, siket ya ce bai san wannan magana ba. Ta gwada ta dama, ta gwada ta hagu, ta ji zare ya fara ƙara, sai ta haƙura ta gaishe su a tsaye, ta ɗan sunkuyar da kai kamar mai gaida hedimasta. An yi auren, har sun aurar da 'ya. Amma har yau a dangin mijinta Madam Tsaye suke kiranta, kuma akwai tsohuwar da ta tafi kabari tana cewa ɗansu ya auro mai girman kai. Rahila ba ta bar kawo min ɗinki ba, sai dai duk kayan da na ba ta, sai ta durƙusa a tsakiyar shago ta tashi kafin ta karɓa. Masu wucewa suna ɗauka girmama ni take yi. Ban taɓa gyara musu ba.

Darasin shi ne, kafin ki tambayi mace wane stayil take so, ki tambaye ta me za ta yi a cikin kayan. Matar cikin waya ba ta cin tuwo, ba ta hawa okada, ba ta ɗaukar kular shinkafa daga mota zuwa rumfa. Matan gidan ango kuwa duk za su yi. Za su durƙusa wa surukai, za su ɗaga hannu su yi liƙi, za su yi rawa har gwaggwaro ya karkace. Na ga stayil ɗin da manhaja ta zaɓo muku, mai matse damtse. Yana da kyau ƙwarai a jikin wadda aikinta tsayuwa. Ki sake masa hammata. In sun zo gwaji, ki sa kowace ta zauna, ta sunkuya, ta ɗaga hannu sama kamar ana waƙar yabo. Wadda ta ji kunya, ki ce mata dokar shagon uwarki ce, ki ɗora min laifin, ina iya ɗauka.

Yanzu bari in ba ki naki, kada ki ce uwarki ba ta ganin alheri. Lokacin da kika fara cika waya da waɗannan abubuwa, ni ce na fi kowa tsaki. Na ce wasan yara ne. Ina nan ina tsaki, 'yan mata suka daina shigowa shagona, suka bar ni da iyayensu mata da buba da zani. Ke ce kika ɗauki rigunan da na ɗinka, kika rataye su jikin farin bango, kika ɗauki hoto, kika goge igiyar shanya da bokitin da ke baya da wata manhaja, kika watsa. Sai ga mata daga unguwannin da ban taɓa takawa ba suna tambayar shagon Maman Murna. Ki lura, ba Madam Ladi suka ce ba. Na yi kamar na ji haushi, amma ranar har ƙarin nama na sa a miya. Ido a kan haɗa launi kuwa kin fi ni, kin fi Hajiya Balaraba ma, kuma ba zan sake faɗar wannan ba, don haka ki adana takardar. Abu ɗaya kawai: launin waya ba launin yadi ba ne. Kafin ki sayi zare ko lainin da za ki sa a cikin riga, ki fito da yadin bakin ƙofa rana ta gan shi.

Akwai kuma abin da ya same ni da manhajar gyaran fuska, wanda kika yi ta dariya har kika riƙe ciki. Zan maimaita shi don akwai inda za shi. Da za a yi taron shekara na zumuntar mata aka ce shugabanni su kawo hoto a buga a takardar shiri, ni kuwa ni ce ma'aji, ai ni na ce ki ɗan taɓa nawa. Kika taɓa, na ce ƙara. Kika ƙara, na ce wuyan fa. Kika ce, “Mama, in na ƙara, Baba zai ce an sace masa mata.” Na ce ba ruwanki. Ranar taro matar faston da aka gayyato ta tsaya a gabana, takarda a hannu, ta dube ni ta ce, “Mama, don Allah ina 'yarki ma'ajin nan? Ina so in gaishe ta.” Na ce ta ɗan fita, za ta dawo.

Ba na jin kunyar wannan. Na faɗa ne don ki san cewa mace mai hankali, mai tsoron Allah, wadda tef yake rataye a wuyanta kullum, ita ma in aka ce ta kawo hoto, ba na ranar take kawowa ba. Wanda take so a tuna da ita take kawowa. In ni na yi, wacece ba za ta yi ba?

Ga inda nake son kai ki. Ranar da kike haɗa kaya kin miƙo min waya kina nuna min hotunan matan ɗaya bayan ɗaya. Ke kina kallon lambobin da manhaja ta fitar, ni ina kallon kayan jikinsu. Yawancinsu ba laifi, sai dai 'yar riƙe numfashi da kowa ke yi. Amma akwai gwaggon ango, Anti Saraya, wadda kika ce ita ce ta haɗa ki da aikin, kuma ita ce uwar zumunta a majami'ar da za ki riƙa zuwa. Kin ce, “Mama, dubi yadda matar nan ta riƙe jikinta.” Na ce uhm. Ban ƙara ba, don babanki yana wurin, kuma na riga na koyi darasina a Tudun Wada.

Murna, atamfar da ke jikin matar nan a hoton, mai ganyen rogo a kan ruwan ƙwai, na san ta kamar yadda na san tafin hannuna. Shekarar da ta fito, rabin matan Kaduna ita suka sa a Kirsimeti, na ɗinka ta har na fara mafarkinta. Kina firamare a lokacin, kina zama a ƙarƙashin tebur kina tsince ƙyallaye. An daɗe da daina kawo ta. Za ki ce ai mace tana iya ajiye atamfa a akwati. Gaskiya ne. To ki dubi kafaɗar rigar, da soso a ciki, tsaye kamar ta soja. Ki dubi launin, ko wanki ɗaya bai sha ba. Sabuwa ce fil a ranar da aka ɗauki hoton. Manhajarki ba ta yi ƙarya ba, ta auna matar da aka nuna mata daidai. Sai dai matar nan ta daɗe da tafiya. Wadda za ta sa leshinki ranar biki wata ce, ta haifi 'ya'ya bayan hoton, ta ci Kirsimeti da yawa, kuma a gaba za ta zauna inda kowa zai gan ta.

Kada ki kira ta ki ce hoton tsoho ne. In kika yi haka, kin yi daidai kuma kin rasa ta. Kada kuma ki ce ta turo wani, za ta turo ƙanwar wancan. Ki sayi lemo, ki sa tef a jaka, ki hau mota ki je gidanta. Ki durƙusa ki gaishe ta da kyau. Ki ce, “Anti, babba irinki ba a yi mata awo da waya, wannan na yara ne. Na zo da kaina.” In ta ce ai ta turo hoto, ki ce wayar ce ba ta da hankali, ta haɗa awonta da na wata. Ki zagi manhajar son ranki a gabanta, ba za ta yi fushi ba, kuma a ganina wannan ne babban amfaninta. Ki auna ta a ɗaki, daga ke sai ita. Kada lamba ta fito daga bakinki. In ta tambaya nawa ne ƙugun, ki ce daidai yake. In ta ja ciki, ki ja ta da hira har ta manta ta sake, sannan ki karanta tef. Tambayar yadda aka yi ta haɗa auren nan ta isa, za ta yi magana har ki gama.

In kin gama da ita, ki ce tunda kin fara, bari ki bi sauran ma, kada su ce an yi wariya. Ita da kanta za ta kira su ta ce su jira ki. Tafiyar za ta ci miki lokaci, na sani, kuma za ki ce biki ya matso. Hannunki yana da sauri, ni na koya miki. Ki shiga gidajen nan a san fuskarki, ki sha ruwansu, ki ga 'yan matan da ke ciki waɗanda su ma za su yi aure wata rana. Bayan haka ki koma ki buɗe manhajojinki, ki zaɓo wuyan riga mafi kyau da ke cikinsu, ki ɗauki hotunan aikin ki watsa duniya ta gani. Ni ma ki turo min, akwai waɗanda nake so in nuna wa.

Ubangiji ya albarkaci hannunki da idonki. Ya kiyaye ki a hanya, ya kiyaye ki daga mugun kwastoma da ɗauke wuta ranar alkawari. Ya sa almakashinki ya bi daidai, ya ba ki suna mai kyau a baƙon wuri. Ki riƙa cin abinci, ki riƙa zuwa sujada, ki kira babanki ko ba ki kira ni ba, don shi ba ya iya cewa yana kewa, sai dai ya yi ta zagaya inda kekenki yake a da.

In kuma kin karanta duk wannan kin ce Mama ta cika tsoro, waya ta riga ta gama aiki, to shago naki ne, almakashi naki ne. Sai dai ranar biki, in zif ya tsaya a tsakiyar bayan uwar zumunta, abin da za a fara tambaya shi ne 'yar wacece telar. Taki amsar kowa ya san ta daga Trikania har Kamazou.

Ni ce mamanki,
Ladi.

Af, na manta ban tambaye ki ba. Ita manhajar da ta auna Anti Saraya, wacece uwarta, kuma a wace unguwa shagonta yake?